Yadda ake gyara wa mai karatu ta waya mazauni, a gyara wa tsoho wurin miƙe ƙafa

Ɗiyar yayata tana karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, kuma kusan duk darasinta a cikin waya yake. Ranar da na fara lura da ita tana kwance rub da ciki a kan tabarma a tsakar gidanmu na Mabera a Sakkwato, ta dogara da gwiwar hannu, haɓarta ta kusa taɓa wayar, iyafis a kunne. Ta yi awa biyu ba ta motsa ba. Da ta miƙe sai ta kama ƙeya tana yamutsa fuska. Mahaifinmu, wanda ya haura saba'in, yana ƙofar ɗakinsa yana kallonta.

"Amarya, mi yas same ki? Kina tashi kamar wadda tag girme ni."

"Kai dai bari, Tsoho. Kai ma ai tun hantsi ba ka ɗaga ba."

Gaskiya ta faɗa. Baba ya yi watanni iyakarsa masallacin ƙofar gida, domin tsakaninsa da gindin dogonyaron da abokansa ke zama akwai kwata a buɗe, kuma bencin wurin ya yi ƙasa, in ya zauna sai an kama shi ya tashi. Ita waya ta ɗaure ta, shi hanya ta tsare shi. Gyaran da muka yi musu shi ne zan jera a nan, daga cikin ɗaki zuwa filin unguwa, kuma mafi yawansa da abin da ke gida aka yi.

Mataki na farko: ɗaga allon, kada ka saukar da kai

Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. In yana tsaye daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya jin sa. Wani likitan ƙashin baya na birnin New York, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa in aka sunkuyar da kai digiri 60, irin sunkuyon mai duba waya a cinya, nauyin da wuya ke ɗauka yakan kai kilo 27. Ka tuna jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25 cike, ka rataya ta a ƙeyar yarinya awa biyu. Ciwon da take kuka da shi ke nan.

Saboda haka ka fara da tsayin allon. Zauna yadda za ka yi karatu, ka miƙe baya, ka dubi gabanka sosai. Inda idonka ya sauka, nan saman allon zai kasance, ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan. In laftof ce, ka tara tsofaffin littattafai ko kwalin taliya a ƙarƙashinta har ta kai. Nisan da ke tsakaninku kuwa tsawon hannu ne, santimita 50 zuwa 70: miƙa hannu, yatsanka na tsakiya ya taɓa allon. In ka ga sai ka matso kafin ka karanta, ka ƙara girman rubutun, kada ka matso.

Matsalar laftof ita ce allo da kibod a haɗe suke. In ka ɗaga ta don ido, hannu ya rataye. In ka saukar don hannu, wuya ya karye. Lokacin sauraren lacca a ɗaga ta. Mai yawan rubutu, kamar mai aikin kammala digiri, ya sayi kibod da maus na daban ko da na hannu ne, ya ajiye su daidai gwiwar hannunsa.

Waya ta fi wuyar sha'ani domin a hannu ake riƙe ta, hannu kuma yana gajiya ya sauka. Kada a riƙe ta. A jingina ta a kwance bisa tarin littattafai. Mu kafinta muka kai wa misalin ɗan katakon nan mai naɗewa da ake ɗora littafi a makarantar zaure, ya yi mana irinsa mai ɗan tsayi da tsagi inda waya za ta zauna. Guntayen katako ne da ya rage masa, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Mataki na biyu: mazauni

In kujera da tebur ne, ka duba abu uku. Tafin ƙafa ya taka ƙasa gaba ɗaya. Gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Gwiwar hannu ta sauka daidai saman teburin ba tare da an ɗaga kafaɗa ba. Teburan da kafintoci ke yi tsayinsu wajen santimita 75 ne, na manya ke nan. Yaron firamare in ya zauna sai ka ga ƙafafunsa suna lilo, tebur a ƙirjinsa. Ka sa masa matashi a kujera, ka ajiye bulo ko kujera 'yar tsugunno ya ɗora ƙafa. Farar kujerar roba ta biki tana jan mutum baya ya lanƙwashe, don haka a naɗe zani ko tawul a cusa a kwarin baya, sama da ƙugu kaɗan.

Amma mu faɗi gaskiya, a gidaje da yawa a ƙasa ake karatu, kuma ban ga laifin haka ba. Kakanninmu a buzu suka yi karatun da har yau ake tinƙaho da shi a garin nan. Abin da ake so shi ne baya ya jingina da bango, a zauna bisa matashi mai tauri domin ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsayi, a sa ɗan gajeren tebur ko kwali mai ƙarfi a gaba. A riƙa sauya zama: a tanƙwashe ƙafa, an jima a miƙe ta, an jima a kafa gwiwa ɗaya. Zama biyu ne na hana a gidanmu: rub da ciki, da kwanciya rigingine an ɗaga waya sama da fuska.

Mataki na uku: haske, iska da ido

Taga ta kasance a gefenka. In tana gabanka hasken yana kashe maka ido, in tana bayanka tana haska allon ka riƙa ƙanƙance ido. Ranar Sakkwato ba ta wasa, ko a inuwar rumfa allon waya yakan dushe, sai a ƙure haskensa, wayar ta ɗau zafi, caji ya ƙare. Da rana cikin ɗaki ko zaure ya fi.

Da dare in an ɗauke wuta, kada a yi karatu cikin duhu allon kaɗai na haskawa. A kunna 'yar fitilar sola a juya ta ga bango, a rage hasken wayar ya yi daidai da na ɗakin.

Mutum yana ƙifta ido kusan sau 15 a minti. In ya ƙura wa allo ido, ƙiftawar takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, ruwan ido ya bushe. Haɗa wannan da iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da fankar da aka saita a fuska, ka ga dalilin da yara ke cewa kamar an zuba musu yashi. A juya fankar ta bugi jiki ko bango. A kuma bi dokar da likitocin ido ke kira 20-20-20: duk minti 20 a ɗaga kai a dubi abin da ke nisan ƙafa 20, wajen mita 6, na daƙiƙa 20. Ƙarshen tsakar gida ya isa, ko kan bishiyar maƙwabta.

Abu guda da nake roƙo: kada a je kemis a ce a ba da maganin jan ido. Wasu magungunan ɗigawa suna ɗauke da sinadarin da in aka daɗe ana amfani da shi yake jawo hawan jinin ido, mutum bai sani ba sai gani ya tafi. In ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ana ganin abu bibbiyu, ko yaro ba ya ganin allon aji, a kai shi a auna idon a Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka in yatsu suna mutuwa, ko ciwo na saukowa daga wuya zuwa hannu: wannan aikin likita ne da masu gashin ƙashi, ba na man zafi ba.

Kunne kuma a taƙaice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar kada ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. In janareto na ruri, a matsa daga wurin maimakon a ƙara murya. In wanda ke gefenka yana jin abin da malamin ke faɗa daga iyafis ɗinka, ka wuce iyaka.

Mataki na huɗu: yanka lokaci

Ba zaman da ya kai kyau har a yi awa uku a cikinsa. Duk rabin awa zuwa minti 45 a miƙe, a juya kafaɗa baya sau goma, a ja haɓa ciki kamar mai ƙin wani wari, a riƙe daƙiƙa biyar, a sha ruwa. Mu muna da agogon da ba ya buƙatar caji: a tsara darasi tsakanin salloli, babban karatu bayan Asuba kafin gari ya yi zafi, ƙarami bayan Azahar, a bar bayan La'asar don fita.

Datar dare ita ce babbar ɓarauniyar barci. Tana da araha, sai ɗalibi ya zauna har biyun dare wai yana sauke darasi. A jera abin da za a sauke, a danna, a kife wayar a ƙasa mai sanyi nesa da katifa, a kwanta. Gobe a kalla. Kuma a bar allo kamar awa guda kafin barci.

Ga ƙananan yara maganar ta fi tsanani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce ɗan shekara ɗaya ba shi da rabo a allo, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa guda a rana. 'Yan makaranta kuwa suna buƙatar aƙalla minti 60 na guje-guje kullum, kuma zama a waje cikin hasken rana yana rage musu haɗarin ciwon idon nan da ke hana ganin nesa. A Taiwan tun 2010 aka sa makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana saboda wannan. Inuwar bishiya ma waje ce, ba sai an gasa yaro ba.

To ina za a fita? A nan aikin ya bar ɗaki.

Mataki na biyar: a zaga filin da tsoho, ba da matashi ba

Ba sai an jira an gina wani katafaren lambu ba. Kusan kowace unguwa tana da fili: gefen masallacin Juma'a, bayan makarantar firamare, gindin wasu itatuwa inda majalisa ke zama. Kafin a sayi ko buhun siminti guda, a ɗauki dattijo mai sanda, da tsohuwa, in da hali da mai keken guragu, a bi su daga ƙofar gida har wurin, da tafiyarsu. Mai biro ya rubuta duk inda suka tsaya, duk inda suka nemi abin dafawa. Da muka yi da Baba, a tafiyar da ba ta kai mita 200 ba ya tsaya sau huɗu: a bakin kwatar, a wani tudun yashi da aka zube tun bara, a inda saiwa ta ɓullo, da inda ɗan kabu-kabu ya yanko ta tsakiyar fili. Ni da nake bin hanyar kullum ban taɓa ganin saiwar ba.

Wannan dabara ba tawa ba ce. Da Hukumar Lafiya ta Duniya za ta fitar da jagoranta na birane masu dacewa da tsofaffi a 2007, tsofaffin ta tambaya a birane 33, kuma abin da suka yi ta ambata shi ne wurin zama, makewayi, hanya mai laushin bi da tsallaka titi lafiya. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Duk wanda ya yi jinyar tsohon da ya karye a ƙugu ya san abin da faɗuwa ɗaya ke jawowa.

Mataki na shida: izini

A fara da mai unguwa, ya kai ga uban ƙasa in ta kama. A tabbatar da mai filin: na masallaci ne, na makaranta, na ƙaramar hukuma, ko na wani da ya tafi ya bari. A rubuta yarjejeniya ko da shafi guda ce. In za a rubuta wa ƙaramar hukuma, a ambaci dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Takardar da ta ambaci doka ba a cika jefar da ita da sauri ba.

Mataki na bakwai: inuwa kafin komai

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40. Benci a rana ado ne kawai. A tsara hanya da mazauni bisa itatuwan da ke akwai, a duba inda inuwa ke faɗawa da hantsi da kuma bayan La'asar, domin lokutan ne za a zauna. In za a dasa sabo, a jira damina ta kankama a Yuli. Dogonyaro ya fi kowa jure mana, ba ya zubar da ganye ya bar mutane a rana lokacin bazara. A bar taku takwas zuwa goma tsakanin kowane biyu, a nisanta shi da katanga da bakin hanya saboda saiwa, a kewaye shi da ƙaya ko bulo saboda awaki, a ɗora wa wani gida alhakin ban ruwa a ranin farko. Kafin ya girma rumfar zana ta wadatar. Kwano ba tare da rufin ciki ba tanda ne.

Mataki na takwas: hanya

A share, a cike ramuka, a zuba burji a yayyafa ruwa a daddaɓe. Yashi yana riƙe sanda da tayar keke, tayil kuwa da ruwan alwala ya taɓa shi ya zama tarko. Faɗin ya kai mita ɗaya da rabi, domin mutum biyu su jera, mai riƙo da wanda ake riƙewa. Kwata a rufe ta da silab mai faɗi, ba katako guda ba. Inda akwai tudu a yi gangara maimakon matakala, kuma ƙa'idar magina ita ce duk tsayin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Birkila zai so ya gajarta don ya rage siminti, a tsaya a kansa. A kafa guntayen turaku a bakin fili, masu tazarar da keken guragu zai wuce amma su tilasta wa mai babur ya sauka ko ya zagaya. In hanyar za ta yi zobe ta dawo inda ta fara ya fi, tsoho yana son ya san zagaye nawa ya yi.

Mataki na tara: bencin da ake iya tashi daga kansa

A nan muka fi daɗewa da kafinta. Tsayin mazauni daga ƙasa santimita 45 zuwa 48. Ya kasance da majingina, da madafa a gefe biyu, in dogo ne a ƙara ɗaya a tsakiya, domin da hannu tsoho ke tashi. Kada mazaunin ya zurma baya. A bar sarari a ƙarƙashi don a ja ƙafa baya lokacin miƙewa. Wannan ne aibin dakalin siminti, ga shi yana riƙe zafin rana har bayan Magariba. Ƙarfe kuwa yana ƙuna. Katako ya fi, a shafa masa maganin gara, a ɗora ƙafafunsa bisa siminti. A ajiye ɗaya duk mita 50 ko kusa, wasu suna fuskantar juna saboda hira, domin kunnen tsoho yana taimakon kansa da kallon baki. A bar gurbin keke a gefen kowane benci.

Kada a manta da iyayenmu mata. In benci ɗaya ne a gindin bishiya ɗaya, na maza ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. A ware musu gefe mai ɗan shinge na zana, ko a ba su lokaci, misali bayan hantsi. Da muka tambayi wata gwaggonmu me zai sa ta fito, ba ta ambaci benci ba. Cewa ta yi, "In babu makewayi, ɗana, ba ni zuwa." A yi shi kusa, mai ƙofa mai faɗi da ƙarfen dafawa a bango, a sa randa da moɗa a inuwa, buta da wurin alwala mai magudana don kada ruwa ya kwanta a hanya. Fitilar sola guda biyu sun isa tsakanin Magariba da Isha'i. 'Yan ƙwallo kuma a ja musu iyaka can gefe, kada raga ta fuskanci mazaunin tsofaffi.

Mataki na goma: a haɗa su su fita tare

Ƙa'idar 2020 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, mai shekara 65 zuwa sama ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa sau uku a mako. Minti 30 a kwana biyar ya biya mafi ƙaranci, kuma ana iya raba shi goma-goma. Wanda ya daɗe bai fita ba ya fara da minti biyar. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga ya fara jin ta bakin likitansa, mai suga kuma ya sa takalmi rufaffe ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo.

A bazara a fita bayan Asuba ko sai biyar da rabi na yamma ta yi. A hunturu a jira rana ta ɗaga, ranar da hazo ya yi kauri mai asma ya zauna gida. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, don haka a ba shi ruwa kafin ya nema. In ya fara jiri, ko magana ta rikice masa cikin zafi, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti nan take.

Atisayen ba shi da wuya. Ya tashi daga benci ya zauna sau biyar, in ya saba ya kai goma. Ya dafa majingina ya tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa goma, ya sauya. Ya yi taku goma diddige na taɓa yatsu, jika na riƙe da gwiwar hannunsa ta gefen da ba sanda. Ita kuma ɗalibar ta bar wayar a caji a gida, wannan sharaɗi ne, in ba haka ba sunkuyon ne zai biyo ta gindin bishiya. A gidanmu in an sallame La'asar rana ta yi sanyi, Baba ne ke buga sanda a ƙofar ɗakinta: "Amarya, aje wagga waya ki taho ki kai mijinki majalisa." Zagaye uku suke yi yanzu, ta bar shi a benci na biyu wurin abokansa, ta dawo ta ɗauke shi kafin kiran Magariba.